Shela Da Hira: Nasiha Ga 'Yan Kasuwarmu

 

Abin da ya jawo maganar yau shi ne wani baƙo da muka yi a ɗakinmu na labarai kwanakin baya. Dattijo ne mai sana'ar ɗinkin takalman fata, ya taso takanas daga Kano ya zo Abuja, riƙe da wata takarda mai shafi uku wadda wani saurayi ya rubuta masa. Saurayin nan ya karɓi kuɗi masu kauri a hannunsa, bisa alkawarin cewa muddin ya kai takardar gidan jarida, kashegari sunan shagonsa zai fito a shafin farko. Na karɓa na karanta. Tun daga layin farko har na ƙarshe babu kome a cikinta sai kirari: takalmansa sun fi na kowa ƙarko, ba shi da na biyu a Afirka ta Yamma, shi ne gagarabadau a cikin dukawa. Na dube shi cikin ladabi na ce, "Baba, wannan takarda ko a shafin baya ba za ta shiga ba, sai fa idan za ka biya kuɗin talla."

Ya yi shiru, ransa a ɓace. Da na ga haka sai na sa aka kawo masa ruwa, muka shiga taɗi. A cikin taɗin ne ya faɗa mini cewa ya yaye samari goma sha biyu a shagon nasa, uku daga cikinsu guragu ne, kuma kowannensu yanzu yana cin gashin kansa. Har ila yau, wata makarantar kwana ta ba shi aikin takalman ɗalibanta, abin da a da sai an yi odarsa daga Legas. Na ce, "Haba Baba! Ai ga labarin nan ka bar shi cikin aljihu, ka kawo mana kirari."

To, jama'a, irin wannan kuskure ba dattijon nan kaɗai ke yin sa ba. A kowane mako takardu irin tasa sukan taru a teburin edita, mafi yawansu kuma kwandon shara ne makomarsu. Saboda haka na ga ya kyautu mu tattauna a kan hanyoyi biyu da ɗan kasuwa zai bi ya sanar da jama'a hajarsa ba tare da ya karya jarinsa ba, watau takardar sanarwa ga manema labarai, da kuma hira da masu saye a dandalin sada zumunta na intanet. Ta farko shela ce, ta biyu kuwa hira ce, kowacce kuma da ladabinta.

Bari mu fara da shela. Takardar sanarwa irin ta zamani ta samo asali ne daga Amurka. A watan Oktoba na 1906 wani jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a kusa da birnin Atlantic City, mutane fiye da 50 suka halaka. A wancan zamani al'adar kamfanoni ita ce su ɓoye irin wannan al'amari, su kori 'yan jarida. Amma wani mutum mai suna Ivy Lee, wanda shi ma tsohon ɗan jarida ne, ya shawo kan kamfanin jirgin, watau Pennsylvania Railroad, ya rubuta bayanin abin da ya auku ya raba wa manema labarai, aka kuma kai su wurin suka gani da idanunsu. Jaridar New York Times ta buga bayanin nan. Abin lura a nan shi ne, takardar da masana da yawa ke ɗauka ita ce ta farko, labarin hasara ta ƙunsa, kuma abin da ya sa ta karɓu shi ne gaskiyar da ke cikinta.

Wannan ka'ida har gobe tana nan. Edita ba abokin gabar ɗan kasuwa ba ne, amma amanar mai karatu ce a wuyansa, kuma tambaya ɗaya yake yi wa kowace takarda: mene ne sabo a nan, kuma ina ruwan jama'a da shi? Buɗe sabon reshe labari ne, haka ɗaukar ma'aikata, da yaye almajiran sana'a, da fara fitar da kaya zuwa Nijar ko Kamaru, da samun lambar hukumar NAFDAC ga mai sana'ar abinci. Amma cewa kayanka sun fi na kowa, wannan yabon kai ne, Hausawa kuwa sun riga sun faɗi abin da yabon kai yake.

Yadda ake rubuta ta ba wani abu ne mai wuya ba. A makarantar koyon aikin jarida abin da aka fara koya mana shi ne tambayoyi shida: wa ya yi, me ya yi, yaushe, a ina, don me, kuma ta yaya. Lalle ne sakin layi na farko ya amsa mafi yawansu, domin edita mai takardu barkatai a gabansa da wuya ya wuce nan. Sa'an nan a biyo da ƙarin bayani, mafi muhimmanci a sama, mai sauƙi a ƙasa, yadda ko an datse ƙarshen saboda ƙarancin fili, labarin ba zai lalace ba. A sa maganar mai kamfanin guda ɗaya, gajeriya mai ma'ana. A sa adadi na gaskiya, da kwanan wata, da lambar wayar wanda zai ɗauka idan an kira, domin sau da yawa mukan bugo don neman ƙarin haske mu tarar waya a kashe, labari kuwa ya mutu ke nan. A haɗa da hoto mai kyau wanda ke nuna mutane a bakin aiki. Duka kada ta wuce shafi ɗaya. Kuma wanda yake son Hausawa su karanta, ya rubuto da Hausa tsantsa, kada ya bari na'ura ta juya masa Turanci ta kawo mana abin da babu mai gane kansa.

Akwai kuma wata magana da ba zan ɓoye ba, ko da yake ta shafi mu 'yan jarida. Waɗansu sukan cusa kuɗi cikin ambulan tare da takardarsu, waɗansu daga cikinmu kuma sukan karɓa. Wannan abin kunya ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Wanda yake son a buga maganarsa kalma da kalma, hanya a buɗe take: ya tafi sashen talla ya biya, a ba shi rasiɗi, a rubuta "Talla" a saman shafin kowa ya gani. Amma labarin da aka saya a ɓoye, mai karatu yakan ji ƙamshinsa, daga ranar nan kuwa ya daina gaskata jaridar da ɗan kasuwar baki ɗaya.

Yanzu sai mu juya ga hira. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, sa'an nan aka kafa Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram kuma a 2010, kasuwa ta tashi daga rumfa ta shiga tafin hannu. A 2018 ma aka fito da WhatsApp Business musamman domin masu ƙananan sana'o'i. A yau ɗan Kantin Kwari yakan sayar da atamfa ga matar da ke Sabo ta Ibadan ba tare da sun taɓa ganin juna ba, mai albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas kuma yakan ji farashin Aliero kafin ya karya kumallo. Iyayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda a da sai dillaliya ta ɗauki kayansu ta zaga gidaje, ko kuwa a ɗora wa yarinya talla, yanzu turaren wuta da dambun nama da kayan ɗaki duk daga tsakar gida suke tallata su. Wannan ci gaba ne, musamman idan ya zama sanadin sauke farantin talla daga kan yara su tafi makaranta.

Sai dai fa da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun ɗauki dandalin nan tamkar bangon liƙa takarda. Sai mutum ya zuba hotuna talatin da sassafe, ya juya baya. A tambaye shi kuɗin kaya ya yi shiru, ko kuwa ya ce a biyo shi ta bayan fage, kamar farashi wani asiri ne. Alhali kuwa wurin nan majalisa ce, kamar ta gindin bishiya ko ta ƙofar gida bayan la'asar. Wanda ya zo majalisa kullum ba ya gaisuwa, ba ya amsa ta kowa, sai dai ya baje haja, ba a daɗewa za a gaji da shi. Dillaliyar da muka sani a da ba hoto take nunawa ba. Takan zauna ta gaisa, ta tambayi lafiyar yara, ta san wadda za ta aurar da 'ya da wadda ta haihu, shi ya sa take sanin abin da za ta kawo wa kowace. Wannan sanin shi ne jarinta, kuma shi ne abin da hira ke ba ɗan kasuwa kyauta. Idan mutum goma suka tambaye ka ko kana da takalmi mai lamba 46, ai sun gaya maka abin da za ka ɗinka gobe.

Inda ake gane ɗan kasuwa na ƙwarai kuwa shi ne ranar da aka yi kuka da kayansa a bainar jama'a. A watan Satumba na 2023 wata mata ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara ga 'yan sanda, aka kama ta aka kai ta Abuja. Maganar da da ta tsaya a shafi ɗaya sai ta game ƙasa, har kafofin labarai na ƙasashen waje suka ɗauka, mutane da dama kuma suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ba aikina ba ne in yanke hukuncin wanda ke da gaskiya a tsakaninsu, amma darasin a fili yake. Magana zarar bunu ce. Idan mai saye ya yi kuka, a amsa masa da sauri cikin taushin murya a inda ya yi kukan, a nemi a gyara, idan an yi kuskure a amsa laifi. Ɗaruruwan da ke karantawa ba su ce uffan ba, su ne ainihin waɗanda ake yi wa amsar.

Ga kuma masu biyan shahararrun 'yan wasa da masu ɗimbin mabiya su yabi kayansu. Ba laifi ba ne, amma a sani cewa talla ce, kuma tun 1988 ƙasar nan take da hukumar kula da talla, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali ta zama ARCON, ikonta kuma ya haɗa da tallan intanet. Haka nan akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Wanda ya nuna hoton shadda ta gari ya aika da ta banza, ko ya ce maganinsa yana warkar da kowace cuta, ya sani ramin ƙarya ƙurarre ne. Lambobin wayar masu saye kuma amana ce. Kada a zuba mutane cikin zauren WhatsApp ba da izininsu ba, balle a sayar da lambobinsu, domin tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a.

Wani abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne, dandalin nan ba gidanmu ba ne. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, masu ciniki a cikinsa suka yi wata bakwai a tsaye. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke baki ɗaya har kusan sa'a shida a duniya duka. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan kasuwa mai hankali yakan ajiye littafi ya rubuta sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu, ya yi wa sana'arsa rajista da hukumar CAC, ya kuma kasance yana da wurin da za a same shi ido da ido.

A nan ne kuma shela da hira suke haɗuwa. Hira ita ke nuna maka abin da ya dami jama'a, daga nan ka san labarin da ya cancanci kai wa jarida. Idan jarida ta buga, sai ka ɗauko ka kai majalisa, domin shaidar wani a kanka ta fi taka nauyi, musamman a wannan zamani da 'yan damfara suka sa mutane tsoron tura kuɗi ga wanda ba su sani ba. Mu ma 'yan jarida a yau mukan leƙa shafin mutum kafin mu buga labarinsa. Idan muka tarar da koke-koken da ba a amsa ba, sai mu ja da baya.

Shi kuwa dattijon namu, kafin ya tafi mun zauna tare mun mayar da shafi ukun nan rabin shafi, muka fara da samarin da ya yaye. Na gaya masa gaskiya cewa ba ni da ikon yi masa alkawari, edita ne mai yanke hukunci. Na kuma roƙe shi ya sa ɗaya daga cikin yaransa ya riƙa duba wayar shago safe da yamma, yana amsa wa masu tambaya da ladabin da shi kansa yake karɓar baƙo a rumfarsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ashe dai kasuwar ba ta sake ba, rumfar ce kawai ta ƙaura." Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.