Mai Gyaran Rediyo Ma Yana da Haƙƙi a Kanmu

A hutun da ya wuce na je gida Tungan Magajiya, cikin ƙaramar hukumar Rijau ta jihar Neja, na yini a rumfar kawuna mai gyaran rediyo. Na tarar ya ƙona transisto biyu wajen gwada wata 'yar na'urar cajin batir da yake haɗawa, kuma sai ya yi saƙo Kontagora kafin ya sami wasu. Abin ya tsaya mini a rai, domin akwai hanyar da zai gwada aikin nan a kwamfuta tun kafin ya narka dalma.

Akwai manhaja mai suna KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992. Kyauta ce, kuma kowa yana da damar duba cikinta ya gyara. A kanta mutum zai zana da'irar lantarkinsa, ita kuma ta mayar da zanen rubutu, wato jerin haɗe-haɗe da ma'abota fannin ke kira netlis. Kowane layi yana faɗin sunan kaya, da mahaɗun da ƙafafunsa suka taɓa, da ƙimarsa. Misali, "R1 1 2 1k" na nufin razista ta farko tana tsakanin mahaɗa ta 1 da ta 2, ƙarfinta om 1000. Daga nan wata manhajar, ngspice, za ta karanta jerin ta lissafa yawan wutar da ke bi ta kowane wuri. Asalinta SPICE ce, wadda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Na nuna wa Kawu a kwamfutata. Zanen kam ya gane shi nan take, har ya nuna mini inda na juya ƙafar batir. Da muka zo kan umarnin manhajar, wanda duk da Turanci yake, sai ya ce, "Ɗana, nan kuma sai ku 'yan boko."

A ganina nan ne aikinmu yake. Masu sa kai ne ke fassara KiCad zuwa harsunan duniya, ƙofar kuma a buɗe take ga kowa. Wasu za su ce Hausa ba ta da kalmomin. Ai birki da giya da kuloci ba a ajin jami'a aka ƙirƙiro su ba, bakin makanikai ne ya sarrafa su. Sai dai a yi hattara: idan kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, mai aiki zai haɗa waya a inda bai dace ba.

Saboda haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, mu je rumfunan masu gyara mu tattara kalmominsu, mu zauna da ɗaliban injiniya mu tantance su, sannan mu fara fassarar. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.