Daga Zaure Zuwa Aljihu: Wayar Salula da Makomar Amana a Kasuwancin Zongon Lome

Gabatarwa

A hutun da ya gabata na yi mako biyu a Zongon Lome, babban birnin ƙasar Togo, ina tattara kalmomin fatauci daga bakin dattawa. Na sauka a gidan wani Alhaji da ya gaji sana'ar saukar da fatake daga mahaifinsa. Zaurensa babba ne, an shimfiɗe shi da tabarmi, amma daga hantsi zuwa azahar ba mu taɓa wuce mutum uku a cikinsa ba. Duk da haka, a gabana ya daidaita farashi da wani ɗan kasuwa da ke Maraɗi, ya ji labarin direban da ya tsaya a kan iyakar Sinkase, ya kuma karɓi la'adarsa, bai ko tashi daga kan buzu ba. Da na tambaye shi ina jama'ar da aka ce suna cika wannan zaure, sai ya ɗaga wayarsa ya ce: "Malam, ga su nan duka a ciki. Sai dai ba na ganin idon kowa."

Wannan magana ita ce mafarin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, zauren maigida yana da ayyuka uku: samar da labari, tsayawa lamuni, da tarbiyyar masu tasowa. Waya ta karɓi na farko ta kuma yi shi fiye da yadda zaure ya taɓa yi. Sauran biyun ta bar su ba masauki, kuma idan ba a gina musu wani ba, abin da za a rasa ya fi abin da aka samu.

Zaure a matsayin wurin aiki

Kalmar "zongo" da ake ji a Togo da Gana da Benin ita ce "zango" ta Hausa, wato wurin da ayari yake yada kaya ya huta. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro su ne suka bar wannan suna a garuruwan da suka ratsa, har ya zama sunan unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa. Tsohon Zongon Lome a tsakiyar gari yake, har zuwa shekarar 1977 da hukuma ta rushe shi, aka mayar da mazaunansa Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birnin. Masanin nan ɗan Faransa, Michel Agier, ya yi nazarin 'yan kasuwar wannan unguwa a littafinsa da ya fito a 1983, kamar yadda Abner Cohen ya yi na Hausawan Sabo da ke Ibadan a nasa na 1969.

Abin da nazarce-nazarcen biyu suka nuna shi ne matsayin maigida. A harshen fatauci, maigida ba mai iyali kawai ba ne. Shi ne mai saukar da baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa. Idan aka ba da kaya bashi, shi ne mai tsayawa. In wanda ya ci bashin ya gudu, sunan maigida ne ya zube, kuma sau da yawa aljihunsa ne zai biya. A ƙarƙashinsa akwai yaran gida, waɗanda suke fara da kai abinci da rakiyar baƙo kasuwa, su koyi ƙidaya da taya kaya da sanin halin mutane, har ranar da za a ba su jari su tsaya da ƙafarsu. Saboda haka zaure ofis ne, banki ne, kotun sulhu ce, makaranta ce kuma.

Abin da waya ta kawo

Ba zan shiga sahun masu kukan cewa zamani ya lalace ba, domin alherin da aka samu a bayyane yake. Lome na da tashar jiragen ruwa mai zurfi wadda Nijar da Burkina Faso da Mali suke dogara da ita. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, da rufe iyakar Nijar da Benin, kaya masu yawa da a da suke bi ta Kwatano sun koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shiga Nijar ta Tera, cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ce mai tsawo da hatsari. Mai kaya da ke Yamai ko Maraɗi ba shi da abin da ya fi masa daraja kamar sanin inda motarsa ta kwana, kuma rukunin direbobi a WhatsApp yana ba shi wannan labari kafin ya karya kumallo.

Haka abin yake a ɓangaren kuɗi. Ta hanyar Flooz da T-Money, wanda aka sauya wa suna zuwa Mixx by Yas a ƙarshen 2024, ana biyan ɗan dako da direba da mai gadi ba tare da an ɗauki damin kuɗi a aljihu ba. Ita kanta gwamnatin Togo ta waya ta raba tallafin Novissi a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona. Masu babur ɗin haya, waɗanda ake kira zemijan, sun samu manhajar Gozem tun 2018. A watan Maris na 2022 kuma babbar wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano ta iso gaɓar Lome, kafin ta isa ko'ina a nahiyar Afirka.

Akwai wani alheri da ba a cika ambatonsa ba. Matan aure da suke sana'a a cikin gida, waɗanda a da tallar yara ce kaɗai hanyarsu ta zuwa kasuwa, yanzu suna ɗora hoton atamfa da turaren wuta da kayan kicin a waya, masu saye su same su har ɗaki. Yarinyar da a da za ta yini da faranti a ka tana iya yini a aji. Wanda ya raina wannan bai san zafin ranar talla ba.

Abin da waya ta bari a baya

Matsala ta farko ita ce lamuni. A zaure, ciniki yana faɗawa ne a gaban mutane. Akwai wanda ya ji an taya, akwai wanda ya ji an ce "albarka", akwai wanda ya ji an sallama. A waya, mutum biyu ne kawai, kuma ɗayansu yana iya goge saƙo ko ya jefar da layi. Wani matashi ya ba ni labarin yadda ya tura kuɗin kafin alƙalami na wata mota da ya gani a hoto. Da ya je wurin, motar tana nan, amma mai ita bai taɓa jin sunan wanda ya karɓi kuɗin ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai ga shi a wannan zamani gani ma yana bukatar shaida. Dillalin da aka tsallake don a tsira da la'adarsa, ashe ba farashi kawai yake sayarwa ba, har da mutuncinsa da yake jinginarwa.

Ta biyu ita ce tarbiyya. Yaron gida na da yana koyon sana'a ne da kunne da ido: yadda maigida yake tarbar baƙo, inda yake yin shiru, yadda yake ƙin tayi ba tare da ya ɓata wa mai tayi rai ba. Yau maigida yana ciniki da na'ura a kunne, yaro yana gefe da tasa wayar, ba ya jin komai sai rabin zance. Matashi yana iya fara dillanci da waya ɗaya da hotunan kayan da ba nasa ba, ya samu kuɗi kafin ya samu hankalin riƙe su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to amma ina wurin tanƙwarawar?

Ta uku ita ce lokaci. Kasuwa tana ci tana watsewa, zaure ma ana rufe shi bayan isha'i. Waya ba ta da magariba. Yaron shago da direba da mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa duk sun zama masu jiran kira dare da rana, kuma wanda bai amsa ba an ce ya yi girman kai. Ba a ƙara musu ko dala a kan wannan jira ba.

Ta huɗu, wurin aikin da ya koma cikin waya ba a hannun masu aikin yake ba. A watan Satumban 2017 an katse intanet a Togo lokacin zanga-zanga, matakin da kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yunin 2020 cewa ya saɓa wa doka. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook sun ɗauke na kimanin sa'o'i 6 a duniya baki ɗaya. Wanda duk lissafinsa da sunayen masu bashinsa suke cikin manhaja ɗaya, ya gina rumbunsa ne a gonar wani.

Wani zai ce ai zaure ma ba aljanna ba ne. Gaskiya ne. Akwai maigidan da ya riƙe yaro shekara da shekaru bai sallame shi ba, akwai dillalin da ya ci bakin mai saye da na mai sayarwa saboda shi kaɗai ya san farashi. Waya ta karya wannan danniya, kuma ba na fatan ta dawo. Abin da nake cewa shi ne, an fitar da ƙaya an haɗa da tsoka.

Rabon ɗaliban harshe

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Harshen hukuma a Togo Faransanci ne, harshen kasuwar Lome kuwa Mina da Ewe. Yawancin dattawan Zongo karatun allo suka yi, ba su rubuta Faransanci, wasu ma ba su rubuta Hausar boko. Saƙon murya ya ba su damar gudanar da ciniki na miliyoyi da Hausar bakinsu. Ke nan Hausa ta zama harshen aiki a kan na'ura ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Bahaushen Nijar yana ƙidaya kuɗi da dala, wato sefa 5, don haka idan ya ce "ɗari biyu" yana nufin sefa 1,000, abin da yake kira jika guda. Bakano idan ya ji "ɗari biyu" lissafinsa daban ne. Wannan yana cewa "duwan", wancan yana cewa "kwastan". A zaure akwai dattijon da zai tsoma baki ya warware. A saƙon murya babu shi. Tattara waɗannan kalmomi da bambance-bambancensu aiki ne da ke jiran ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, kuma amfaninsa zai wuce ɗakin karatu.

Shawarwari

Na farko, a mayar da shaida cikin ciniki. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Duk cinikin da ya kai wani adadi, a buɗe masa ƙaramin rukuni da ya haɗa mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu da kowa ya yarda da su, a faɗi kaya da farashi da ranar biya da murya, a kuma rubuta adadin da lambobi tare da sunan kuɗin.

Na biyu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Zongo su ajiye rajistar dillalai, da sunan maigidan da ya tsaya wa kowanne, ta yadda baƙo daga Katsina ko Damagaram zai iya tambaya kafin ya tura kuɗi. A biya mai tsayawa ladansa a fili, domin lamuni aiki ne.

Na uku, iyayen gida su riƙa buɗe muryar waya a gaban yaransu idan cinikin ba na sirri ba ne, su kuma bayyana musu dalilin abin da suka yi bayan an gama. Na huɗu, a yi yarjejeniya kan lokacin da ma'aikaci zai iya kashe waya ba tare da an zarge shi ba. Na biyar, kada littafin lissafi na takarda ya bar shago.

Kammalawa

Mutanen Zongon Lome sun taɓa rasa gidajensu a 1977, amma kasuwancinsu bai mutu ba, saboda abin da ya riƙe shi ba gini ba ne, sanin juna ne da tsoron zubewar suna. Ƙaurar da ake yi yanzu daga zaure zuwa aljihu ta fi waccan sauƙi a ido, domin ba a rushe bangon kowa ba. Amma a waccan, mutane sun tafi da amanarsu a ka. A wannan, sai an tashi tsaye an ɗauko ta da gangan. Ranar da zan bar gidan Alhaji, na tarar ya kira ƙaramin jikansa ya zaunar da shi kusa, ya buɗe muryar waya, yana taya wasu buhunan albasa. Yaron ya yi tsit yana saurare.