Sauri Yana Cikin Tsarin Waya

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya taɓa jera fayil-fayil a ofis, ko sunayen ɗalibai bisa yawan maki, ya san wahalar aikin. Wannan wahala ce ta sa Herman Hollerith ya ƙera na'urorin kati mai huji da aka yi ƙidayar jama'ar Amurka da su a 1890. Kwamfuta ta gaji aikin nan, kuma har yau jera bayanai yana cin lokacinta ba kaɗan ba.

Kwamfuta mai bin umurni ɗaya bayan ɗaya takan ɗauki lambobi biyu ta gwada, sa'an nan ta ɗauki wasu. Kafin ta jera lambobi 1,024 da suke a hargitse, sai ta yi gwaji fiye da 8,000. A 1968 wani injiniya Ba'amurke, Kenneth Batcher, ya nuna wata hanya dabam. Ya ɗauki wata 'yar da'irar lantarki wadda za mu kira magwaji: waya biyu suna shiga, biyu suna fita, ƙaramar lamba ta bi ta sama, babba ta bi ta ƙasa. Sai ya jera magwadai sahu sahu, waɗanda ke sahu ɗaya duka suna aiki a lokaci guda. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da tsarinsa lambobi 16 sukan jeru bayan sahu 10, lambobi 1,024 kuwa bayan sahu 55 kacal.

Ba mu ce abin kyauta ne ba. A ɗaya daga cikin tsare-tsarensa biyu, kowane sahu yana bukatar magwaji 512, watau 28,160 gaba ɗaya, kowanne da wurin da zai ci da wutar da zai sha. A 1983 masana uku, Ajtai da Komlós da Szemerédi, sun fito da tsarin da ya fi na Batcher a lissafi, amma girmansa ya hana a gina shi. Ashe gwanintar injiniya ita ce sanin abin da zai sayar da abin da zai saya.

To, ga inda muka dosa. Yawancinmu muna koyon rubuta wa kwamfuta umurni, muna ɗaukar cikinta tamkar wani sirri na masu ƙera ta. Wannan kuskure ne. Tun 1985 ake sayar da ƙwayoyin lantarki da ake kira FPGA, waɗanda mai su zai iya sake tsara wayoyin cikinsu yadda ya so. Ɗalibi zai iya gina tsarin Batcher na lambobi 16 a kan allo guda, ya auna saurinsa da kansa.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da su sa irin wannan aiki cikin darasi, ƙungiyoyinmu kuma su tara kuɗi su sayi allunan. Al'ummar da ta iya amfani da na'ura kaɗai, ba ta iya tsara ta ba, kullum a kasuwar wasu za ta ƙare.