ILLELA: FILI YA FI ƘARFIN ƊAN GARI

Yau ku yi mini afuwa, na ajiye labarin da muke tafe da shi zuwa mako mai zuwa, domin akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban furzar da ita ba alƙalamin ma ba zai gudana ba. Maganar kuwa ita ce yadda fili da gidan haya suke neman gagarar ɗan Illela a cikin Illela.

Duk wanda ya kewaya bayan gari zai ga abin da nake nufi. Gonakin da aka san su da gero da wake an yanka su fuloti-fuloti, an ja katanga layi uku ko huɗu na bulo, an kafa ƙyauren ƙarfe an garƙame da kwaɗo, a ciki kuwa babu komai sai tumfafiya da ƙadangaru. Mai shi yana Sakkwato ko Kano ko Abuja, ba shi da niyyar ɗora ko kwano ɗaya, jira yake yi kawai kuɗi su haihu. A cikin gari kuma saurayi ya kai kuɗin gaisuwa shekara biyu, an kasa sa rana saboda ɗakin da zai ajiye 'yar mutane. Wai shin wannan wane irin ci gaba ne?

Dillalai za su ce maka ai gari ne ya bunƙasa, kuma garin iyaka dole ƙasarsa ta yi daraja. To mu duba bunƙasar. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake datse hanyar Ƙonni, sai a watan Maris na 2024 Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. A waɗannan lokuta 'yan dako, da masu lodin albasa, da 'yan kabu-kabu, da mata masu sayar da abinci a tasha sun ga tasku, kasuwar Lahadi kanta ta san an yi. Garin da aka shaƙe masa wuya sau biyu cikin shekara biyar, ta ina talakansa ya samu arzikin da zai sa ƙasa ta yi tsada? Amma duk da haka ban taɓa jin an ce farashin fuloti ya sauka ba.

Dalilin yana wurin 'yan canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656 ko da yaushe, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangarawa, daga wajen 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya riƙe sefa a hannunsa ya wayi gari kuɗinsa sun ninka in ya juya su naira, wanda kuma ya riƙe naira ya ga tana narkewa kamar ƙanƙara a rana. Dukansu biyun sai suka ruga wuri ɗaya, wato ƙasa, domin ita ba ta ruɓewa, kwastan ba sa kama ta, ɓarawon shanu ba ya kora ta daji. Kada wani ya ce ina zargin 'yan'uwanmu na Ƙonni, waɗanda muke auratayya da su tun kafin Bature ya ja layi a tsakaninmu. Masu wannan aiki yawancinsu namu ne, manyan 'yan kasuwar da suka mayar da filayen gari asusun ajiya.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato yake ciki, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo, har da ƙauyukan ƙaramar hukumarmu. Mutum ya baro gonarsa da rumbunsa cikin dare, ya shigo gari da mata da yara da tabarma, yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Maimakon a tausaya masa sai wasu masu gidajen haya suka ga kasuwa ta buɗe. Ɗakin da babu daɓe, babu makewayi na kirki, a ce sai kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Wanda ya daɗe a gidan kuma a ba shi notis, domin an samu wanda tsoro zai sa ya biya fiye da shi. Haba jama'a! A ci riba da kayan masarufi mun ji, yanzu kuma har da hawayen ɗan gudun hijira?

Na san abin da mai gidan haya zai ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Zai ce siminti ya tashi, rodi ya tashi, kwano ya tashi, tifar yashi ta tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Gaskiya ne, a farkon 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000 a wurare da dama, alhali ga kamfanin siminti nan a Kalambaina a hancinmu. Mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 buhu bakwai ke nan a wannan farashi, ko harsashin ɗaki ba zai fitar ba. Wanda ya gina sabon gida da wannan tsada ya ƙara haya, na fahimce shi. Amma wanda ya gaji gidan ƙasa tun zamanin Shagari, ko yaɓe bai sake ba, shi kuma wane siminti ya saya?

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wanda bakinsa na arewa yake farawa daga Illela. Tun daga ranar kowane dillali ya zama injiniya, kowane fili ka taya sai a ce maka nan titi zai bi. Abin da ba sa faɗa wa mai saye shi ne, a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, yana da ikon karɓe ta don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka a kai ce. Wanda ya zuba miliyoyi a fili fetal da takardar hannu mai shaidu biyu, ranar da katafila ta iso zai san bambancin wannan takarda da takardar mallaka ta gwamnati. Haka kuma ba sa faɗa wa manomin da suka lallaɓa ya sayar da gonar gado cewa kuɗin za su ƙare a babur da biki, gero kuwa sai dai ya auna a kasuwa har abada.

Mata su suka fi cutuwa a wannan hada-hada. Mai gida ya rasu, tun ba a share makoki ba dillali ya fara zarya wurin manyan 'ya'ya maza yana kwaɗaita musu farashi. A sayar da gida a raba kuɗi, uwargida ta karɓi tumuninta, ko ma su raba tumunin ita da kishiyoyi, abin da ba zai saya mata ko kusurwar fuloti ba, matar da ta shekara talatin a ɗakinta ta koma haya ko rakuɓe a gidan suruki. Mu marubuta an sha zarginmu da cika littafi da gidajen bene da falo mai sanyi, to ga labari nan a ƙofar gida wanda ya fi kowace soyayya ban tausayi. Malamanmu sun san hukuncin shuf'a, wanda ya ba abokin tarayya a gado damar riga bare sayen kason ɗan'uwansa, sun kuma san haramcin najashi, wato a sa wani ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau, abin da ya zama ruwan dare a cinikin fili. Sau nawa muka ji an ɗauki waɗannan a huɗubar Juma'a?

Hukuma ma ba za ta wanke hannunta ba. A Ingila, ƙasar da jari-hujja ya yi wa katutu, tun 2013 aka ba ƙananan hukumomi ikon ƙara haraji a kan gidan da aka bari babu kowa tsawon shekara biyu, daga baya ma suka rage wa'adin zuwa shekara ɗaya. Mu a nan mutum zai kewaye fili goma ya tafi shekara goma, ya bar wa unguwa kango matattarar shara da maɓoyar ɓata-gari, babu mai ce masa kanzil. Abin da nake nema daga ƙaramar hukumar Illela da ma'aikatar filaye ta jiha bai fi ƙarfinsu ba. A yanka sabuwar unguwa mai tituna da magudanar ruwa, a raba ta a bainar jama'a, malamin firamare da ɗan dako da bazawara su samu kafin masu sefa, da sharaɗin wanda bai gina ba cikin wa'adi a karɓe. A buɗe rajistar cinikin fili da kowa zai iya dubawa, don a daina sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. A kuma kafa taswirar inda sabon titin zai bi a bangon sakatariya, manomin Kalmalo da na Araba ya je ya gani da idonsa kafin dillali ya riga shi zuwa gida.