Su Wa Suka Zauna a Bencunan Lugard Hall?

Ranar da aka fara kai mu Lugard Hall a Kaduna, zauren Majalisar Dokokin Jihar Arewa, muna 'yan makaranta, ba kubbar ginin ce ta tsaya mini a rai ba. Rawuna ne. Daga inda aka jera mu 'yan kallo, in ka leƙa sai ka ga zauren ya yi fari fat, rawani na bin rawani, manyan riguna sun sha bugu suna ƙyalli. Can gefe guda kuma ga wasu 'yan tsiraru a takure. Malaminmu ya sunkuyo ya raɗa mana cewa su ne 'yan hamayya. Wani abokina ya tambaye shi ko sauran sun fita salla ne. Malam ya ce a'a, iyakarsu ke nan.

Mu da muka ga wancan zamani, in hira ta yi daɗi, sunaye muke kamawa: Sardauna, Malam Aminu Kano, Tafawa Ɓalewa, Tarka. Muna tuna fartanyar NPC da tauraron NEPU. Abin da muka manta shi ne mu tambayi su wane ne suka cika bencunan nan, 'ya'yan wa ne, kuma a ina suke karɓar albashi.

Wasu sun yi mana wannan aikin. Wani Ba'amurke mai suna C. S. Whitaker ya bi 'yan Majalisar Dokokin Jihar Arewa yana duba asalinsu da sana'arsu, ya fitar da littafinsa a 1970. Kafin shi, a 1968, Billy Dudley ya yi nasa a kan jam'iyyun Arewa. Abin da suka gano ba baƙo ba ne ga iyayenmu, sai dai su sun sa shi a lissafi: galibin wakilan ma'aikatan En'e ne, wato hukumar mulkin sarakuna, da hakimai, da 'yan majalisar sarki, da 'ya'yan gidan sarauta. Manomi da maƙeri da mahauci da ɗan koli, waɗanda su ne ke biyan haraji da jangali, da wuya ka ji ƙamshinsu a ciki.

Ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: unguwa ta zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. A matakin ƙarshen nan sai aka ba En'e damar ƙara nata mutanen cikin masu zaɓe. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birnin, amma da aka gama tankaɗe da rairaya ko kujera ɗaya ba ta tsira da ita ba.

To, wanda aka rufe wa ƙofar zaure, ina zai kai ƙararsa? Sai kasuwa. A nan ne halin hamayyar Arewa ya samo asali, kuma ina ganin mun daɗe muna yi masa gurguwar fahimta. Ana cewa 'yan NEPU masu zafin kai ne, ba su ganin kowa da gashi. Amma mutumin da sai ya nemi izinin lacca wurin En'en da yake suka, in ya yi magana 'yan doka su kama shi, a kai shi gaban alƙalin da En'e ke biya, a ɗaure shi a kurkukun En'e, sannan wakilinsa a Kaduna ma'aikacin En'en ne, me ya rage masa ban da murya? Shi ya sa siyasarsu ta koma ta dandali da waƙa da shagon tela. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan siyasar da ba a yarda ta jefa ƙuri'a a cikinta ba. Matan Arewa ba su samu wannan 'yanci ba sai 1976.

Adalci ne kuma mu faɗi cewa zauren bai rasa masu gaskiya ba. A watan Agusta na 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya miƙe a majalisar nan ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, ƙudurin ya wuce da ƙyar. Daga baya Ibrahim Imam na Barno ya ajiye muƙaminsa na babban sakataren NPC, ya koma bencin 'yan tsiraru ya jagorance su. Yau idan muka ji an sauya sheƙa, mun san inda aka dosa: inuwar gwamna. Shi daga inuwa ya fito ya shiga rana.

Sai ga 1979, reshe ya juye da mujiya. Talakawan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina a lokacin, suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, amma a majalisa mai kujeru 99 NPN ce ke da gagarumin rinjaye. A karon nan masu yawa su ne 'yan hamayya. Ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ya aika da sunayen kwamishinoni, majalisa ta yi watsi da su, ya sake aikawa, ta sake ƙi. Haka ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, har ranar 23 ga Yuni, 1981, da suka tsige shi. Na tuna yadda muka kewaye rediyo a ƙofar gida ran nan, mai shayi ya bar tukunya tana tafasa ba wanda ya kula. An yi ta gardama a kan taurin kan gwamna da son zuciyar majalisa, kowa da gaskiyarsa. Amma ko a lokacin ba mu tsaya mun duba ba cewa mutanen da suka dangwala wa makullin PRP a zaɓen gwamna su ne suka tura 'yan NPN masu tambarin gida da masara majalisa, domin a mazaɓa ɗan gidan da aka sani ake bi.

Har gobe haka muke. Zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna ke hana mu barci, na ɗan majalisar jiha kuwa sai mu dangwala inda aka nuna mana. Alhali su ne ke amincewa da kasafin kuɗin asibitinmu da makarantar 'ya'yanmu. A 2018 an rage shekarun tsayawa takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25, an buɗe wa matasa ƙofa, amma kuɗin fom da na yawon kamfe sun tsaya a bakinta kamar dogari.

Bayan zaɓen 2023, jikata da ke karatun kimiyyar siyasa ta zauna kusa da ni tana karanto mini sunayen 'yan Majalisar Dokokin Jihar Kano, su 40. Tana yi tana tambayata wanda na sani, da sana'arsa, da gidansu. Kaɗan na iya ba ta amsa, abin ya dame ni. Da ta kai ƙarshe sai ta koma farko, ta bi da yatsa a hankali, sannan ta ɗago ta ce, "Kaka, ko akwai wani shafin ne? Ban ga sunan mace ba."

Na ce mata a'a, iyakarsu ke nan.