Kafin Yaro Ya Kai Bakin Ruwa

Kowace uwa tana riƙe da ranar da ɗanta ya fara zama, da ranar da ya fara rarrafe, da ranar da ya saki bango ya yi tatata. Ranaku ne na murna, har a aika wa kaka da albishir. Abin da ba mu cika lura da shi ba, 'yan'uwa mata, shi ne kowace ɗaya daga cikin ranakun nan takan kai yaro ga wani haɗari wanda jiya bai isa ya taɓa shi ba. A ƙasar Yawuri kuwa, inda gidaje da yawa ke kallon ruwa, wannan ba maganar wasa ba ce.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana abin da ta gano bayan ta bi girman yara a ƙasashe 5, har da Gana. Yaro mai lafiya yakan zauna da kansa tsakanin wata 4 da wata 9, ya yi rarrafe tsakanin wata 5 da 13, ya yi tafiya tsakanin wata 8 da 18. Ku dubi faɗin tsakanin nan. Watau ba wadda ta san ranar da nata zai tashi, saboda haka shirin gida tun daga farkon lokacin ake yinsa. Wanda kuwa ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba, a kai shi asibiti a duba, a daina cewa nauyin ƙafa ne irin na gidansu.

Jaririn da ya fara juyi ba a barinsa a bakin gado, tabarma a ƙasa ta fi. Mai rarrafe duk abin da ya tsinta sai baki: gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, ƙugiyar da maigida ya ajiye. Shi ne kuma mai jawo tukunya daga murhu, ko ya dafa tokar wurin bandar kifi wadda ake tsammani ta mutu. In ƙuna ta auku, a yi ta zuba ruwa mai sanyi har minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. Kananzir da fetur da fiya-fiya kuwa, don Allah a daina zuba su a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a tura masa yatsa ko a ɗura masa manja don ya yi amai, gama aman shi ke kai abin cikin huhu.

To, babbar maganarmu ita ce ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutanen tungayen Yawuri da Ngaski suke zaune da tafkin da ke cika ya ja a kowace shekara. Gaɓar da ke da nisa a wannan wata, wani watan tana bayan danga. Mutanen Shanga ma ga Kwara nan kusa da su. Kuma a duniya duka, yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci. Dalili a fili yake. Ƙafa ta yi ƙwari, hankali bai zo ba, ga kai ya yi wa jiki nauyi, in ya kifa ba ya iya ɗagowa. Ba sai tafki ba, baho ko bokitin wanki ya isa. Kuma yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Uwa tana daka a tsakar gida, ba abin da za ta ji.

Mukan ji ana cewa ɗan Sarkawa ko ɗan Gungawa ruwa ba ya cinsa. Lalle manyansu gwanayen ninƙaya ne, duk wanda ya ga wasan Rigata ya shaida. Amma ninƙaya koyonta ake yi, ba a haihuwar kowa da ita, kuma masana sun ce daga shekara 6 ya kamata a fara koya wa yaro, a wuri marar zurfi, babba na tsaye. Kafin nan ba abin da ke tsaronsa sai shinge, da murfin rijiya, da kife baho in an gama wanki, da idon babba.

Mun ce babba, domin al'adar nan ta ɗora wa yarinya 'yar shekara 6 ko 7 renon ƙane, a tura su bakin ruwa wanke-wanke, tana bukatar gyara. Ita kanta reno take bukata. Da ta hangi ƙawayenta ta manta da goyo, in kuwa ya faɗa sai ta bi shi, a yi hasarar biyu.

Mun san uwa ba ta da hannu goma. A Bangaladesh, ƙasar da ita ma ruwa ya kewaye, an lura yawancin yaran kusa da gida suke nutsewa, da hantsi, lokacin da uwaye ke tsakiyar aiki. Sai aka riƙa tara ƙananan yara na unguwa a gida ɗaya, mata na kula da su har azahar, kuma mutuwar ta ragu ƙwarai. Mu da muka iya adashin kuɗi, me zai hana mu yi na reno? Gida 5 ko 6 su haɗu, yau wannan, gobe waccan.

Saura jirgi. Ba a manta da 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgin da ya nufo Wara cike da mutane ya nutse, aka rasa rayuka masu yawa, har da mata da yara. Rigar kariya ta manya ba ta riƙe ƙaramin yaro, zamewa yake yi ta ƙasa. Muna kira ga ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, da shugabannin masu jirage, in za a sayi riguna a sayo har da na yara, a ajiye su a kowace tashar jirgi. Uwa kuma in ta ga an yi wa jirgi lodin da ruwa ya kusa bakinsa, ta sauko da ɗanta ta jira na baya, ko da kasuwa za ta watse.