Waiwaye: Mai Ƙera Mota da Mai Hawanta

A shekarar 1921, fiye da rabin sababbin motocin da aka sayar a Amurka daga kamfani ɗaya suka fito, kamfanin Ford. Shekara shida bayan haka, a 1927, wannan kamfani ya tsayar da aikin ƙera mota na kusan wata shida. Dubban ma'aikata suka koma gida, dillalai suka zauna ba abin sayarwa, Chevrolet ta sha gabansa a kasuwa. Kuɗi ba su ƙare wa kamfanin ba, gwaninta ma ba ta ƙare ba. Abin da ya faru shi ne mai kamfanin ya daina sauraron mutanen da ke hawa motarsa. Wanda ya bi tarihin Ford daga farko zai ga cewa a kan wannan abu ɗaya arzikinsa ke hawa, a kansa kuma yake sauka.

Henry Ford ɗan manomi ne, an haife shi a 1863 a jihar Mishigan. Ya ƙi aikin gona tun yana yaro, ya fi son kwance agogo da taɓa inji. Sau biyu yana kafa kamfanin mota abin na watsewa, kafin a 1903 shi da abokan hannun jarinsa su kafa Ford Motor Company a birnin Detroit da tsabar kuɗi dala 28,000. A lokacin mota abin wasan attajirai ce. Shi kuwa Ford mutanen da ya taso cikinsu yake tunani: manomi mai nisa da kasuwa, likitan ƙauye, ɗan kasuwa mai yawo a hanyar da damina ke mayarwa taɓo. Saboda su ya fito da Model T a watan Oktoban 1908, a kan dala 850.

Motar doguwar ƙafa ce, cikinta ba ya taɓa ƙasa a rami ko kwazazzabo. Ba ta da nauyi, inji mai silinda huɗu, gudunta bai wuce kilomita 70 a awa ba. Sai dai hawanta sai da koyo. Feda uku ke ƙasa: ta hagu ta canjin giya, ta tsakiya ta komawa baya, ta dama birki. Totur kuwa a hannu yake, jikin sitiyari. Ba ta da sitata sai a 1919, saboda haka mai mota kan tsaya a gabanta ya murza inji da ƙarfen hannu. In injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo baya, sai ya karya wa mutum wuyan hannu, har likitoci suka saba da irin wannan karaya. Masu motar suka riƙa koya wa juna dabara: kada ka zagaye ƙarfen da babban yatsa, ka ja sama, kada ka danna ƙasa. Da sanyin safiya kuma, tana kamawa sai ta fara rarrafowa gaba, ta ture mai ita.

Tankin mai a ƙarƙashin kujerar direba yake, babu famfo, gangarowa man ke yi zuwa inji. In man ya yi ƙasa aka zo hawan tudu, sai ya daina isa, mota ta mutu. Maganin da direbobi suka samo shi ne a juya ta a hau tudun da baya. Sanin yawan mai kuwa sai an ɗaga kujera an zura sanda.

Duk da haka mutane sun so ta, so na gaske, kuma dalilin a bayyane yake. Mai ita na iya gyara ta. Da filaya da sifana da ɗan guntun waya manomi kan tashe ta a bakin hanya, kayan gyaranta kuma na nan a kowane ƙaramin gari, da araha. Wasu kan ɗaga tayar baya, su ɗaura bel, motar ta juya musu injin yankan katako ko famfon ruwa ko injin niƙa. Kamfanoni da yawa suka rayu a kan ƙera mata ƙarin kaya kawai, tun daga ma'aunin gudu har zuwa kayan mayar da ita tarakta. Ga kuma farashi da kullum sauka yake yi. A 1913 aka fara haɗa mota a kan layi mai tafiya a masana'antar Highland Park, aikin da ke cin awa 12 da rabi ya koma minti 93. A 1914 Ford ya ninka albashin ma'aikatansa zuwa dala 5 a rana, don wahalar layin ta sa suna ta gudu. A shekarar kuma ya yi alkawarin cewa in ya sayar da mota 300,000 cikin wata 12, zai mayar wa kowane mai saye wani abu daga kuɗinsa. Aka wuce adadin, kowa ya karɓi cekin dala 50. Zuwa 1925 ana samun sabuwar Model T a kan dala 260.

Nan ne nasara ta fara zama tarko. Amurkar 1925 ba ita ce ta 1908 ba. An shimfiɗa tituna, mutane sun koma birane, mata sun shiga tuƙi, wanda ya sayi motar farko yanzu ta biyu yake nema, kuma yana son rufaffiya mai taushin tafiya, wadda ba ta jijjiga ƙashi. A ɗaya ɓangaren, Alfred Sloan na General Motors ya karanci wannan sauyi. Ya jera motoci hawa-hawa daga Chevrolet zuwa Cadillac, kowa da daidai aljihunsa. Ya kawo launuka, ya riƙa sabunta fasali, kamfaninsa kuma tun 1919 yana ba da mota bashi a biya kaɗan-kaɗan. Ford kuwa daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ya sani. Bashi ma bai yarda da shi ba. Tsarin da ya kawo a 1923 shi ne ka riƙa zuba dala 5 a banki duk mako, sai ka cika kuɗin a ba ka mota. Maƙwabcinka kuwa ya riga ya ɗauko Chevrolet yana hawa yana biya.

Ba a rasa masu gaya masa gaskiya ba. Dillalai sun yi ta kawo kuka. Ɗansa Edsel, wanda shi ne shugaban kamfanin a takarda tun 1919, ya yi ta roƙon a sabunta mota, uban na kunyata shi a gaban ma'aikata. William Knudsen, gwanin tsara masana'anta, ya bar Ford a 1921, ya koma General Motors, shi ne ma ya ja ragamar Chevrolet har ta kayar da tsohon maigidansa. A farkon 1926 wani babban jami'i, Ernest Kanzler, ya rubuta wa Ford takarda cikin ladabi yana bayyana masa cewa kasuwa na zamewa. Kafin shekara ta ƙare ya bar aiki. Sai da ciniki ya faɗi warwas sannan dattijon ya sallama. A watan Mayun 1927, bayan an ƙera Model T miliyan 15, aka tsayar da ita, alhali ba a gama shirya magajiyarta ba. Model A ta fito a Disamba, ta yi farin jini, amma daga farkon shekarun 1930 General Motors ta zauna a kan gaba, kuma Ford bai sake karɓe wannan kujera ba. Ko birki mai aiki da mai, wanda abokan gasa suka daɗe da komawa gare shi, sai a 1939 Ford ya yarda da shi.

Jikansa Henry Ford na Biyu ya karɓi kamfanin a 1945, ya farfaɗo da shi, amma cutar ba ta warke ba, kama kawai ta sauya. A 1957 aka fito da mota mai suna Edsel da gagarumar talla. Masu saye suka tarar da tsada, da maɓallan giya a tsakiyar sitiyari masu yawan lalacewa, da haɗi na gaggawa. A 1959 aka binne ta, da asarar da ta kai dala miliyan 250.

Wannan asarar kuɗi ce. Ta motar Pinto kuwa ta taɓa rai. Da ƙananan motocin Japan da Jamus suka fara cin kasuwa, Lee Iacocca, wani babban jami'in Ford, ya ba da umarnin a yi ƙaramar mota da ba za ta wuce dala 2,000 ba, a kuma yi ta da sauri. Ta shiga kasuwa a ƙarshen 1970. Tankin manta na bayan gatarin tayoyin baya, in an buge ta ta baya yana iya fashewa wuta ta kama. A 1972 a Kalifoniya aka bugi wata Pinto da ta mutu a kan babbar hanya. Matar da ke tuƙi ta rasu, yaro ɗan shekara 13 da ke tare da ita ya ƙone ƙwarai. A 1978 masu taimaka wa alƙali suka yanke wa Ford tarar dala miliyan 125, wadda alƙali ya rage zuwa miliyan 3.5. Abin da ya fi harzuƙa jama'a shi ne wata takarda da kamfanin ya miƙa wa hukuma a 1973, inda ya auna kuɗin gyaran tanki, dala 11 a kowace mota, da ƙimar ran mutum, dala 200,000, ya ce gyaran ya fi tsada. Adalci ne a faɗi cewa lissafin na dukan motocin ƙasar ne, ba na Pinto kaɗai ba, kuma binciken baya ya nuna haɗarinta bai yi nisa da na sauran ƙananan motocin zamaninta ba. Amma mai mota ya riga ya ji abin da ya ji: an saka ransa a sikeli. A watan Yunin 1978 aka janye mota miliyan 1.5 don gyara, bayan suna ya riga ya ɓaci.

Abin sha'awa, duk lokacin da wuya ta kai wuya, hanya ɗaya kamfanin ke bi ya tsira. Daga 1980 zuwa 1982 ya yi asarar fiye da dala biliyan 3. Sai ya tara injiniyoyi da ma'aikatan layi da dillalai da masu mota a kan aiki ɗaya, ya sayo motocin abokan gasa ya kwance su, ya jera ɗaruruwan ƙananan abubuwan da direba ke taɓawa kullum, kamar nauyin ƙofa da zaman kujera da inda hannu ke samun maɓalli. Daga nan Taurus ta fito a ƙarshen 1985, kuma daga 1992 zuwa 1996 babu ƙaramar motar da ta kai ta ciniki a Amurka. Haka a-kori-kurar Ford, jerin F, ta riƙe kan gaba a ajinta tun 1977, domin magina da manoma da ke lodi a cikinta ana jin ta bakinsu.

A 2006 kamfanin ya sake asarar fiye da dala biliyan 12, aka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin Boeing don ya shugabanci Ford. Ya kafa taron kowace Alhamis, inda kowane shugaban sashe zai nuna aikinsa da launi: kore lafiya, ja matsala. Makonni ana zuwa, kowa kore yake nunawa, kamfani kuwa na nutsewa. Ranar da ɗaya daga cikinsu, Mark Fields, ya yi ƙarfin hali ya nuna ja saboda matsalar ƙofar bayan wata sabuwar mota, ɗakin ya yi tsit ana jiran kora. Mulally ya tafa masa. A 2009 General Motors da Chrysler suka shiga kotun fatara, Ford bai shiga ba, saboda ya riga ya jinginar da kadarorinsa, har da tambarinsa, ya ranto dala biliyan 23.5 tun kafin guguwar tattalin arzikin da ta kayar da su.

Amma a daidai wannan zamani na yabo aka saka wa ƙananan motocin Fiesta da Focus wata giya mai canja kanta, PowerShift. Masu su suka yi ta komawa gareji: mota na karkarwa in za ta tashi, tana fizga, wani lokaci ta ƙi ja a tsakiyar titi. A Ostareliya an riƙa gaya wa wasu cewa salon tuƙinsu ne ya jawo. A 2018 kotun ƙasar ta ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan 10 saboda yadda ya bi da masu ƙorafi, a Amurka kuma ya biya diyya bayan ƙarar taron dangi. Shekara 90 bayan takardar Kanzler, amsar dai ita ce: laifin mai mota ne.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ya san mota a takarda da filin gwaji, amma wanda ya kai yara makaranta da ita, ya kwana a hanya saboda ita, ya biya bakanike daga aljihunsa, shi ya san ta a rayuwa. Mai sayen mota a Kano ko Kaduna ya daɗe da gane haka. Kafin ya tambayi ƙarfin inji, yakan tambaya ko akwai kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko kuma bakaniken unguwa ya san cikinta. Tambayar da ta ɗaukaka Model T ke nan, ita ce kuma ta sa Peugeot da Toyota suka zauna daram a hanyoyinmu.

Darasin bai tsaya kan masu ƙera mota ba. Duk mai sana'a, ko tela ne ko mai makaranta ko mai asibiti, yana da mutum biyu da ya kamata ya riƙe da kyau: abokin cinikin da ya dawo da ƙorafi, da yaron gidan da ya iya cewa, “Maigida, akwai matsala.” Na farko bai yanke ƙauna ba tukuna, shi ya sa ya dawo. Na biyu ya sa abincinsa a haɗari don ya tsare naka. In ka kori wannan, ka ƙaryata wancan, ba za ka ƙara jin mummunan labari ba, sai ranar da ciniki ya tsaya.